Wace firintar 3D ta dace da mai gyaran injin ban ruwa a ƙauye?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran injin ban ruwa da famfon feshi ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Garun Malam, ina kuma haɗa wa mutane sola. Na yi difloma a fannin injiniya, ina da laftof. Na ga yadda ake buga kayan roba da firintar 3D, na tara 'yan kuɗi ina so in saya, don in riƙa yin ƙananan kayan gyara da ba a samu a kasuwa. Wasu sun ce in sayi mai zare, wasu sun ce mai ruwa. Wutarmu kuma ba ta da tabbas. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mai zare za ka saya, ka manta da mai ruwa a yanzu. Ka nemi matsakaiciya, wadda farantinta, wato inda take buga abu a kai, ya kai faɗin milimita 220 zuwa 256, mai daidaita farantin da kanta, wadda kuma bakinta ke yin zafin da zai narka PETG, wani irin zaren roba mai jure zafi. Amma kada ka biya ko kwabo sai ka zauna ka yi lissafin wutar da za ka ba ta, ka kuma zana abu ɗaya da hannunka a laftof ɗin. Na yi shekaru ina aiki da waɗannan na'urori ina koyar da ɗalibai, na kuma ga waɗanda aka saya da zumuɗi suka ƙare a lungun shago an lulluɓe su da buhu. Ba na so taka ta shiga cikinsu, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ka taɓa tsayawa ka kalli mai zanen lalle? Tana matsa leda mai tsinin baki, lallen na fita siriri, tana jan hannu tana bin zane. To haka mai zare take aiki. Zaren roba mai kaurin milimita 1.75 yana zuwa a naɗe a kan ƙwarya, yawanci kilo 1. Na'urar tana tura shi cikin wani baki mai zafi da ake kira nozul, ramin nozul ɗin milimita 0.4 ne, robar na fita a narke tana kwanciya a kan faranti. Idan ta gama shimfiɗa ɗaya sai ta ɗaga da milimita 0.2 ta ɗora wata, kamar yadda maginar tukunya take ɗora yumɓu zagaye bisa zagaye. Abin da tsayinsa ya kai santimita 5 ke nan shimfiɗa 250 ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa aikin ba na gaggawa ba ne: ƙaramin abu minti 30 zuwa awa 1, babba awa 8 ko kwana guda.

Mai ruwa kuwa kwano ne da ake zuba wani ruwa mai kauri da ake kira rezin, hasken ultirabayolet yana haska shi daga ƙasa yana daskarar da shi. Aikinta na fita sumul, har zanen da ido ke gani da ƙyar. Maƙerin zinare mai son zubin zobe da 'yan kunne, ko mai haɗa haƙoran roba, su ne ta yi wa rana. Kai ba ta yi maka ba. Rezin na yau da kullum yana da gautsi, idan ka ɗaure shi da noti sai ya tsage. Ruwan yana cin fata, sai da safar hannu, yana da wari, kuma kowane abu ka buga sai ka wanke shi da sifirit ka sake gasa shi a haske. A shagon da yara ke leƙowa, ƙura na shiga, rana na haskowa ta taga tana daskarar da ruwan a cikin kwano, wahalar ta fi amfanin yawa.

Yanzu mu zo kan wuta, domin a nan ake faɗuwa. Firinta ba kamar injin walda ba ce da za ka kunna minti 5 ka kashe. Ba ta cin wuta da yawa, amma tana son wadda ba ta yankewa. Matsakaiciya tana jan wajen wat 100 zuwa 150 yayin da take cikin aiki. Idan ka ɗauki wat 120 na awa 8, ka ci kusan yunit 1 ke nan. Tunda kana haɗa sola lissafin ba zai yi maka wuya ba: batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4 a takarda, idan na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka taɓa, wato yunit 1.2. Batir ɗaya ke nan zai kai maka bugu ɗaya na awa 8 da daddare, da sharaɗin ba a jona masa firji da fankoki ba. Idan na lityum ne ka fi samun sarari.

Sai dai akwai tarkon da mutane ba sa lura da shi, shi ne wutar da take ja a mintocin farko lokacin ɗumama faranti. Na'urorin ba ɗaya suke ba a nan. Ender 3 V3 SE ta kamfanin Creality akwatin wutarta na wat 350 ne, ba za ta wuce haka ba. Ƙaramar A1 mini ta Bambu Lab wat 150 ce iyakarta. Amma babbar A1, da yake farantinta kai tsaye yake shan wutar soket, a wutar bolt 220 tana iya jan har wat 1,300 na ɗan lokaci, wata tasu mai suna P1S kuma wat 1,000. Wanda ke da inbata mai kVA 1 ya sayi A1, da ya danna fara aiki inbatar za ta yi ƙara ta mutu, ya zaci na'urar ce ta lalace. Don haka ka duba inbatarka tukuna. Ta kasance mai fitar da wuta mai tsabta, irin wadda ake rubuta wa pure sine wave a jiki, kuma idan A1 kake so, kada ta gaza kVA 2.

Za ka ga an rubuta a kwalin kusan kowace na'ura cewa idan an ɗauke wuta tana ci gaba daga inda ta tsaya. Gaskiya ne tana tuna inda ta tsaya, amma kada ka dogara da wannan. Farantin zamani ana shafa masa wani abu da ake kira PEI, yana riƙe roba idan da zafi, ya sake ta idan ya huce. Na taɓa sa akwatin na'urar cajin sola, aikin awa 9, saura kamar awa 1 ya ƙare aka ɗauke wuta wajen la'asar. Kafin a tayar da janareto farantin ya huce, na ji ɗan "ƙas", akwatin ya ɓalle. Da wuta ta dawo nozul ya sauko ya ture shi gefe, ya ci gaba da zuba roba a iska, na tarar da tulin zare kamar taliyar da ta zube. Giram 200 na roba da yini guda sun tafi. Tun daga ranar ban ƙara jona firinta kai tsaye a wutar gari ba. Wutar gari ko janareto su yi cajin batir, firinta ta sha daga inbata. Ƙaramin janareto mai hawa da sauka ma ba na son a jona ta kai tsaye, yana iya ƙona allon na'urar.

Wani abu ƙarami da ya kashe na'urori da yawa: wasu, musamman na Creality, suna da ɗan makunni ja a jikin akwatin wuta, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗayan 230. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Idan 'yar gwanjo ce da ta zo daga Amurka, a kan 115 za ka same ta, ka jona kuwa sai ƙara da hayaƙi. Kafin ka sa fulogi, ka kifa ta ka duba da idonka.

Bayan wuta sai zafi. Yawancin bidiyon da kake gani a waya a ƙasashen sanyi aka ɗauke su, kuma da zaren PLA suke aiki, domin shi ne mafi sauƙin bugu. Yana narkewa a digiri 190 zuwa 220, ba ya wari, ba ya lanƙwashewa a kan faranti. Matsalarsa ita ce tun a wajen digiri 55 zuwa 60 yake fara laushi. A Kano da Jigawa a watan Afrilu inuwa ma tana wuce digiri 40, to ina ga ƙarfen da ke tsakiyar rana a bakin kanal, ko gaban mota da aka rufe gilashi? Wani manomin tumatir a Kadawa ya taɓa kawo min famfon feshinsa, ɗan maƙalin da ke riƙe hannun famfon ya karye. Na zana, na buga masa da PLA baƙi, ya shiga daram, ya yi ta godiya. Bayan kwana 4 ya dawo da shi a tafin hannu, ya buɗe baki kamar an taka, ramin da yake zagaye ya koma kamar ƙwai. Ya ce ya jingine famfon a kunya ne ya je sallar azahar. Na sake buga masa da PETG fari, wannan ya yi masa rani biyu.

PETG dangin robar gorar ruwa ne. Yana son nozul a digiri 230 zuwa 250, faranti a 70 zuwa 85, kuma ba ya laushi sai wajen digiri 80. Ba shi da gautsi kamar PLA, yana ɗan lanƙwasa kafin ya karye, ruwa ba ya damunsa. Shi ne zai zama tuwonka na kullum. Yana jan 'yan zarurruka kamar yanar gizo-gizo a jikin aiki, ka kankare da reza, ba komai ba ne. PLA ka bar shi ga kayan cikin ɗaki: kayan koyarwa na makaranta, maƙalin makulli, samfurin gwaji. Ga abin da zai yi shekaru a rana akwai ASA, wanda hasken rana ba ya cinye shi, kuma yana jure zafin kusan digiri 100, amma yana buƙatar na'ura rufaffiya da faranti mai zafin digiri 100, yana kuma fitar da warin da bai kamata ka zauna kana shaƙa ba. Wannan sai ka ƙware. Akwai kuma TPU mai laushi kamar robar taya, da shi ake yin washa da gasket da ƙafar injin. Don shi ne nake so ka zaɓi na'urar da injin tura zarenta yake zaune a kan nozul kai tsaye, ba irin ta da ba wadda ke turo zare daga nesa ta cikin dogon bututu, domin zare mai laushi yana naɗewa a hanya.

Zafi yana taɓa na'urar kanta ma. A saman nozul akwai ɗan wuri da ƙaramar fanka ke sanyayawa don kada zare ya yi laushi kafin ya iso inda zai narke. Iskar ɗakin fankar ke hurawa. Idan shagonka kwano ne ba silin, da rana tsaka iskar da kanta zafi ne da ita, sai PLA ya kumbura a maƙogwaro ya toshe, ka ji injin turawa yana "ƙat, ƙat" ba abin da ke fita. Abin da ke da ciwo shi ne lokacin da sola ta fi ba ka wuta shi ne lokacin da zafin ya fi tsanani. Mafita ita ce ka buga PETG da rana, ka bar PLA sai da asuba ko bayan isha'i, kuma ka sa silin ko da na kwali ko zana ne a inda za ka ajiye ta. Wannan silin ɗin ya fi maka wasu kayan ƙarin da za a tallata maka amfani.

Ƙura kuwa, ka san hunturunmu. Tana kwanciya a kan sandunan da kan na'urar ke zamewa, ta haɗu da giris ta zama kamar sanfefa, ta ci boris. Tana manne wa zare ta shiga nozul ta toshe ramin. Rufaffiyar na'ura na rage wannan, amma ta fi tsada, kuma a zafinmu dole ka buɗe ƙofarta idan PLA kake bugawa. Ni abin da nake yi shi ne kafinta ya haɗa min kabad na filawud mai ƙofar gilashi da tagar raga a sama, in rufe idan ba ta aiki. Sannan ka yanki ɗan soso ka maƙale shi a jikin zaren kafin ya shiga na'ura, ya riƙa share shi. Bayan mako ka cire sosan ka ga abin da ya tare. Da damina kuma, daga Yuli zuwa Satumba, zare yana shan laima, musamman PETG da TPU. Za ka ji nozul na tas-tas kamar an watsa gishiri a garwashi, aikin ya fito da ƙuraje ba ƙarfi. Ka ajiye zare a bokiti mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi da na magani.

Sai sunayen na'urorin, tunda ka tambayi wacce za ka saya. Ka san dalilin da ya sa abin ya sauko har talaka ke iya saya? Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya ƙirƙiro wannan hanya ta bugu da zare a ƙarshen shekarun 1980, kamfaninsa Stratasys ya riƙe haƙƙin mallakarta, na'urorin na manyan masana'antu ne kawai. A 2005 wani malamin Jami'ar Bath a Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin RepRap, ya saki zanen na'urar kyauta ga duk mai so. Da haƙƙin mallakar ya ƙare a 2009 sai ƙofa ta buɗe. Daga wannan zuriyar Josef Prusa na birnin Prag ya fito, daga baya kamfanonin Shenzhen na Chaina suka karya farashi. Ender 3 ta fito a 2018 ta cika duniya, Bambu Lab kuma ta shigo a 2022 da na'urori masu sauri da ke saita kansu.

Tsohuwar Ender 3 ta 2018 ita za ka fi samu a hannun masu sayar da wadda suka yi amfani da ita, da araha. Ba na ba ka shawarar ta. Farantinta da hannu ake daidaitawa, da takarda da wasu ƙafafu huɗu da ake murzawa, kuma sabon shiga yakan yi wata guda yana fama da shimfiɗar farko kafin ya buga abin kirki. Araha ba ta ado. Ender 3 V3 SE ta 2023 ta gyara yawancin wannan: tana auna farantin da kanta, injin turawa na kan nozul, tana ɗaukar milimita 220 a faɗi da 250 a tsayi, nozul na kai digiri 260, kayan gyaranta suna da yawa da sauƙin kuɗi. Ga makaniki irinka mai ƙaramar inbata, wanda sukudireba ba ta ba shi tsoro, ita ce ta fi dacewa da aljihu. Elegoo Neptune da Anycubic Kobra ma ajinsu ɗaya. Idan kuɗin sun kai kuma inbatarka babba ce, ni A1 zan ɗauka, mai milimita 256 ta kowane gefe, domin lokacinka zai tafi a kan aikin mutane, ba a kan lallashin na'ura ba. Tana aiki da katin memori ba sai da intanet ba, wannan kuma babban abu ne a inda sabis ke zuwa yana tafiya. A1 mini tana da kyau ƙwarai kuma ba ta cin wuta, sai dai milimita 180 ce iyakarta. Ka ɗauki tef ka auna abubuwan da kake son yi, idan duk sun shiga, ba laifi. Prusa ingancinta ba a magana, amma kuɗinta ya ninka na waɗannan sau da yawa, ta fi dacewa da makaranta ko ma'aikata. Na'urar sauya launi huɗu da ake haɗawa da wasunsu kuwa, bar ta: tana zubar da roba mai yawa a duk sauyin launi, kuma manomi bai damu da launin maƙalin famfonsa ba.

Masu ƙaramin aji a can inda ake sayar da su suna kamawa daga wajen dala 200 zuwa 400, kafin kuɗin dako da na kwastan. Ko ka saya a hannun dillalai a Legas, ko ka bi ta masu odar kaya daga Chaina da muke da su a Kano. Kwalin yana kai kilo 9 zuwa 13, jirgin sama kuma da kilo yake caji, na ruwa ya fi sauƙi amma sai ka yi haƙurin watanni. Idan Bambu ce ta hannun mai oda, ka jaddada masa ta ƙasashen waje kake so, domin akwai waɗanda aka keɓe wa kasuwar cikin Chaina, ba sa haɗuwa da manhajar waje yadda ya kamata. Kuma duk abin da ka tara, kada na'urar ta cinye fiye da rabinsa. Sauran na zare ne, aƙalla kilo 4 zuwa 5 a odar farko, da kayan gyara: nozul na 0.4 da na 0.6, ƙarin faranti, ma'aunin zafi da hitar nozul, ƙananan fankoki biyu, bel, da giris. Ba abin da za ka shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ka ɗauko a take ba ne. Fankar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba tana iya zaunar da kai wata biyu.

Yanzu abin da ya fi na'urar muhimmanci. Firinta ba ta san komai ba, abin da aka zana mata take bugawa. Akwai shafuka irin su Thingiverse da Printables da MakerWorld masu zane dubbai kyauta, amma ba za ka sami maƙalin famfon da ake sayarwa a kasuwar Kura a can ba, ba kuma za ka sami mahaɗin da zai haɗa tiyo mai inci 2 da bakin wani tsohon injin da aka daina kawo kayansa ba. Kai za ka auna, kai za ka zana, kuma a nan kuɗinka yake. Ka sayi ma'aunin baniya na dijital, wato ma'auni mai baki da ake matse abu a ciki a ga kaurinsa, tun yau, kafin firinta. Ka sauke FreeCAD, kyauta ce kuma ba ta buƙatar data idan ka gama saukewa. Tinkercad ta fi sauƙin farawa amma sai da intanet. Bayan zane akwai manhajar da ke yanka shi shimfiɗa-shimfiɗa ta gaya wa na'ura hanyar da za ta bi, irin su Cura da PrusaSlicer da OrcaSlicer, duk kyauta. Amfanin farawa da su tun yanzu shi ne suna gaya maka giram nawa abu zai ci da awa nawa zai ɗauka, ba tare da kana da firinta ba. Ka rubuta abubuwa 10 da masu kawo maka gyara suka nema aka rasa a bana, ka zana su, ka ga nauyinsu da lokacinsu, ka sa kuɗin roba da wuta da zamanka, ka ƙara kashi 1 cikin 5 na wanda zai lalace. Idan abu mai giram 20 ne, kilo 1 zai ba ka wajen guda 40 bayan ka cire waɗanda za su lalace. Sannan ka tambayi kanka nawa manomi zai biya. Wannan takardar ce za ta gaya maka ko ka saya ko ka dakata.

Abu biyu za ka koya da wuri. Rami yakan fito ƙarami kaɗan fiye da yadda ka zana, don haka ka ƙara masa kamar milimita 0.2. Na biyu, abin da aka buga yana da gaɓa kamar itace: yadda gatari ke tsaga icce cikin sauƙi idan ya bi tsawonsa, haka robar ke rabuwa a tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa. Ƙugiyar da ka buga a tsaye za ta ɓalle da hannu, ita ɗin dai idan ka kwantar da ita a faranti za ta ɗauki bokitin ruwa. Ƙarfi kuma daga kaurin bango yake zuwa fiye da cika ciki, ga mahaɗin tiyo ka sa bango 4 ko 5 don kada ya yi yoyo. Duk abin da zai taɓa maganin feshi ko fetur, ka jefa guntunsa a ciki ya yi mako guda ka ga ko zai yi laushi, kafin ka ba mutum.

Kada ka yi gasa da kamfanonin roba na Sharaɗa da Chalawa. Buta da kofi da bokiti a daƙiƙoƙi suke fitar da su, a farashin da ko kuɗin zarenka bai kai ba. Gonarka ita ce abin da ake buƙatar guda 1 ko guda 10, wanda ba wanda zai sassaƙa masa mazubin ƙarfe: giyar da ke juya ƙwai a injin ƙyanƙyasa, farantin injin shuka mai ramuka daidai ƙwayar masara ko dawa ko waken suya, bakin da ake ɗaura wa gorar lemo ta zama mashayar kaji, makunnin fanka, akwatin kayan sola, mazubin sabulu mai sunan mai sana'a, hatimin da baduku zai danna a fata. Malaman kimiyya ma suna neman siffar zuciya da ƙoda da siffofin lissafi da yaro zai riƙe a hannu.

Akwai hanya ɗaya da nake ganin ta fi duk waɗannan, kuma mutane kaɗan ne suka lura da ita. Masu zubin tukunyar dalma da muke da su a kusan kowace babbar kasuwa suna danna samfuri a cikin damshin ƙasa, su cire, su zuba narkakken alminiyam a gurbin. Abin da ke ba su wahala shi ne samun samfurin abin da ba su da irinsa. Kai kuwa kana iya buga shi. Farfelar injin ban ruwa ta roba ba za ta daɗe a ruwan da ke ɗauke da yashi ba, amma ka buga samfurinta ko na fule ko murfi ko mariƙi da PLA, ka goge shi da sanfefa ya yi santsi, ka kai wa mai zubi, ya fito maka da na ƙarfe. Ka ƙara girman zanen da kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 domin alminiyam yana tsukewa idan ya huce, ka ɗan karkata bangayen don samfurin ya zare daga ƙasa ba tare da ya rushe gurbin ba, ka bar ƙarin kauri a inda za a sassaƙe ko a huda. Ranar da na fara kai wa wani dattijo mai zubi irin wannan, ya juya shi a hannu ya daɗe yana shafa gefensa da babban yatsa, sannan ya nuna min wata kusurwa ya ce nan ƙasa za ta kama. Gaskiyarsa ce, na koma na gyara. Ka saurari irin waɗannan mutane, sun san abin da manhaja ba za ta gaya maka ba.

Akwai kuma abin da ko an roƙe ka kada ka buga: duk wani ɓangare na birki ko sitiyari na babur da mota, kayan tukunyar gas, soket da fulogin wutar gida, da abin da zai ɗauki nauyin mutum. Kwanon abinci da cokali ma ka bar su, domin tsakanin shimfiɗun akwai ƙananan ramuka da fura da nono za su maƙale, wanki ba ya fitar da su. Ita kanta na'urar, da yake nozul na wuce digiri 200, kada ka ajiye ta kusa da jarkar fetur ɗin da ke shagonka, kada kuma ka kulle ta tana aiki ka tafi gida ka kwanta.

Idan ka zana na farko daga cikin goman nan, ka turo min fayil ɗin tare da hoton karyayyen abin a cikin bakin baniya ta gefe uku. Zan buga maka shi da PETG, in ba direban motar Kura ya kawo maka, ka ɗaura a injin ka bar shi a rana mako biyu. Allah ya sa albarka a sana'a.